Shaidar Taubashi a kan Kadinal Jumare

Gidan Sistoci, Kurmin Baure
Watan Oktoba

Zuwa ga Kawu Alhaji Badaru, a Madina.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, an fara yankan gero.

Kawu, ba lallai ne ka gane ni ba. Ni ce Tasallah, 'yar Kaltuma, ƙanwar marigayi Kadinal Yohanna Jumare. Rabonka da ni tun ina goye. A Legas na tashi, a barikin soja inda babanmu ya yi aiki. Yanzu Sista ce ni, kuma an dawo da ni gida. Wani ɗan garinmu da ya je Umara ne ya kawo mini lambar maƙwabciyarka Hajiya Fatna. Ta ce ba ka son magana a waya, amma in na turo hoton takarda za ta kai maka, ta kuma ɗauko mini hoton amsarka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ikilisiya ta buɗe bincike a kan rayuwar Kawu Kadinal, don a duba ko ya cancanci a sa shi cikin waliyyai. Ana tattara shaidar duk wanda ya san shi, sannan a zuba takardun a akwati, a buga hatimi, a aika Roma. Muna da shaidu da yawa a kan zamanin da yake Fada, da zamanin da yake Bishop, da bayan Paparoma ya ba shi jar hula. Na yarintarsa ne babu. Tsaransa duk sun tafi, Mama ma ta rasu bara. Kai kaɗai ka rage wanda ya yi kiwo da shi, ya zauna benci ɗaya da shi a makarantar mishan.

Addininka ba ya hana a karɓi shaidarka. Gaskiya kawai ake so. Ni aka rantsar in juya duk shaidar Hausa zuwa Turanci, ba ƙari ba ragi. Ina roƙonka ka rubuta mana abin da ka sani game da halinsa.

'Yarka,
Sista Tasallah

*

Harra ta Yamma, Madina
Jimada Ula

Zuwa ga 'yata Tasallah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, Fatna ta riƙe mini wayar a gaban ido har hannunta ya gaji, don sai da na karanta sau biyu. Lafiyata da sauƙi, in aka cire gwiwoyi, da idon hagu, da sukari, da benen gidan nan wanda duk shekara sai ya ƙara tsawo. Ɗana Abdallah yana Riyad, in na yi masa Hausa sai ya amsa mini da Larabci. Ke kuwa rubutunki na Hausa ba laifi, ko da yake ana jin Legas a ciki. Na tuna ki sarai. Kin yi mini fitsari a sabuwar riga ranar da na je sallama.

Wato Jumare ake son a mai da waliyyi. Na yi dariya har Fatna ta kawo mini ruwa. Lallai waliyyai sun yi muku wuya a can. To, tunda gaskiya kike so, ɗauki alƙalami.

Da farko dai Jumare bawana ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka tun ranar da aka haife shi nawa ne, kuma ban taɓa 'yanta shi ba. Na ji an ce yanzu Bawan Allah kuke kiransa. Ba na jayayya da wannan, amma a rubuta cewa ni ma ina da haƙƙi.

Na biyu, ɓarawo ne. Fada Bature da ya buɗe makarantar mishan yana da zabi a bayan ɗakinsa. Ki tambayi kanki me ya sa zabin nan ba su taɓa ƙyanƙyasa ba a shekarar da muka shiga aji ɗaya. Kekena ma ya sace, sabon keke da ubana ya sayar da ɗan maraƙi ya saya mini, har yau ban sake hawansa ba.

Na uku, rago ne. Za su gaya miki kira ya ji daga sama shi ya sa ya tafi seminari, makarantar koyon aikin Fada. Fartanya ya gani ya gudu. Ranar da aka naɗa shi Fada na duba tafin hannunsa, laushi kamar na jariri. Da aka tura shi ƙauyuka sai ya riƙa sa mutane haƙa rijiya, shi yana tsaye a bakin rami yana ba da umarni, in ya shiga ramin ma don inuwa ne. Daga nan aka aika shi Roma karatu, ya dawo da tumbi da wani irin Turanci mai waƙa.

Na huɗu, matsoraci ne. Kare ko na goye ne in ya yi haushi sai Jumare ya hau katanga. Lokacin da yake Bishop aka yi rikicin nan da aka ƙona kasuwa, na ji an ce ya cika gidansa da mutane, Kirista da Musulmi, har kan teburin cin abinci ana kwana. Kada ki yarda da abin da za su ce. Tsoron kwana shi kaɗai yake yi.

Na biyar, marowaci ne. Da Paparoma ya ɗora masa jar hula na aika masa cewa ya aiko mini da ita in tare rana, tunda abin da bawa ya samu na ubangidansa ne. Ya ƙi. Amma in wani can ne, wanda bai haɗa komai da shi ba, har takalmin ƙafarsa sai ya tuɓe ya bayar ya koma gida da safa. Mota aka ba shi, ya mai da ita ta ɗaukar mata masu naƙuda. Da ya yi ritaya kuma, maimakon ya zauna a birni kamar mai hankali, sai ya koma ƙauye ya tare a ɗakin da ko akuya za ta raina.

Barcinsa ma ki sa a ciki. Minshari yake yi kamar injin niƙa.

Wannan ita ce shaidata. Ki gaya masa in ji ni, shekara da shekaru ke nan bai kira ni ba, kuma na san rowar kuɗin waya ce. Ki gaida mutanen gida.

Kawunki,
Badaru

*

Gidan Sistoci, Kurmin Baure
Watan Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwoyin sun yi sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na ɗauki alƙalami ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Na juya takardarka zuwa Turanci kamar yadda na rantse, kalma da kalma, ina yi ina share hawaye. Ban san akwai irin wannan ƙiyayya tsakaninku ba. Mama ba ta taɓa faɗa mini ba.

A cikin masu binciken akwai wani Fada wanda aikinsa shi ne neman aibu, don kada a tura wa Roma yabo zalla. Mutumin kudu ne, mai natsuwa, ba ya wasa da takarda. Ya ja jan layi a ƙarƙashin ɓarawo, da rago, da matsoraci. Maganar bauta ta fi tayar masa da hankali. Ya tambaye ni ko gidanku bayi kuke riƙewa, ko kuma Kadinal a cikin bauta aka haife shi ya ɓoye wa Ikilisiya duk tsawon rayuwarsa. Na ce masa zan tambaye ka.

Yanzu kan masu binciken ya rabu. Wasu sun ce a sa shaidarka yadda take, tunda kai kaɗai ne shaidan yarinta. In aka yi haka Roma za ta dawo mana da tambayoyi, aikin ya tsaya shekaru, wataƙila ya mutu ke nan. Wasu kuma sun ce a rubuta a gefenta cewa mai shaidar maƙiyi ne, bambancin addini ya sa shi ɓatanci. Wannan ya fi yi mini ciwo, don sunanka ne zai zauna haka a akwatin har abada, kuma za a ce ga abin da Musulmin danginsa suka saka masa da shi.

Kawu, don Allah ka faɗa mini, abin da ka rubuta gaskiya ne? In wani abu ya yi maka, mene ne?

Sai kuma abu ɗaya. Ka ce in gaya masa bai kira ka ba. Kawu, shekara shida ke nan da rasuwarsa. Na ɗauka an sanar da kai.

'Yarka,
Sista Tasallah

*

Harra ta Yamma, Madina
Rajab

Tasallah,

Ina lafiya, ko kuma dai ina lafiya kafin takardarki ta zo. Da na gama karantawa sai da Fatna ta auna mini jini, ta ce ya hau, ta ce in na mutu a kan wasiƙa ita ba za ta ɗauki gawata a benen nan ba.

Wace irin tarbiyya aka yi miki a barikin nan? Ke 'yar Kaltuma ce kuwa? Na rubuta miki baƙi a kan fari cewa uwarsa ƙanwar ubana ce. Ɗan mace da ɗan namiji. Ko yaron da bai yi kaciya ba a Kurmin Baure in ya ji haka ya san taubasai ne, ya san duk abin da zai biyo baya wasa ne. Ke kuma kika kwashe shi ɗanye kika zuba a Turanci, kika miƙa wa baƙo, baƙon ya zauna da jan biro yana neman kasuwar bayi a gidan ubana. Ubana da, ban da ɗan maraƙin nan, bai mallaki komai ba sai jaki ɗaya da tari.

Bari in koya miki abin da ya kamata uwarki ta koya miki, Allah ya sa ba ta jin wannan abin kunya. Taubashi shi ne mutumin da aka halatta maka zaginsa, aka kuma halatta masa zaginka, tun kuna tsirara har ku tsufa. Kowa sai ya ba babba girma, ban da taubashinsa. In ka ga taubashinka ka gaishe shi da ladabi, to akwai gaba a tsakaninku, sai manya sun shiga.

Kin san abin da shi yake kirana? Ɗan gudun hijira. Mai kan tulu. Duk watan cika-ciki, tun yana Fada har ya zama Kadinal, sai ya nemo ni a waya. Da can a ofishin da nake akawu a unguwar Sultana yake samuna, manaja Balarabe yana tsaye a kaina. Da na ɗauka sai in ji:

"Mai kan tulu, har yanzu dabino bai kashe ka ba?"

In ce, "Bawa, wa ya ba ka izinin magana?"

Ya ce, "Na kira ne in ji ko Larabawa sun gaji da kai sun koro ka, in sa a share maka turken jaki."

In ce, "Ka share wa kanka, kai da ko mata aka rasa mai aurenka."

Haka za mu yi ta yi har katinsa ya ƙare. Wannan ce ƙiyayyar da kika yi wa kuka.

Zuwana gida na ƙarshe ya dace da bikin da aka yi masa na jar hula. Filin majami'a ya cika, manyan mutane suna durƙusawa suna sumbatar zoben hannunsa. Na ratsa na tsaya a gabansa, na tuɓe takalmina na ce, "Bawa, ɗauko ka biyo ni." Wani ɗan sanda ya yo kaina. Jumare ya tare shi, ya sunkuya da jar ɗamararsa da komai, ya ɗauki takalman, ya biyo ni har gindin tsamiya. Sannan ya juya ya ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri da shi, rana ce ta dafa masa kai a ƙasar Makka." Ki je ki tambayi tsofaffin matan unguwarmu, in da sauran mai haƙori a cikinsu sai kin gan shi.

Na kai ƙararki wurin Bakri, wanzamina na unguwar Anbariyya, Bahaushen Sudan ne. Yana yi mini aski yana dariya har ya kusa yanke mini kunne. Ya ce, "Ya Hajji, kai ma da naka. Wa ya ce ka yi wasan gida a takardar hukuma?" Na ce 'yata na rubuta wa, ba hukuma ba. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, rubuta musu yabo layi biyu ka huta."

Shi ma bai gane ba, ke ma na san abin da za ki roƙa ke nan, don haka ga amsa tun kafin ki tambaya. Ba zan rubuta ba. Ban taɓa yabon Jumare ba, a gabansa ko a bayan idonsa, shi ma bai taɓa yabona ba. A gidanmu ba a yabon taubashi sai ranar da aka shimfiɗa tabarmar makokinsa. Ni kuwa ban zauna makokin kowa ba.

Kin ce ko an sanar da ni. An sanar da ni. Wani ya bugo, ya faɗi abin da ya faɗa, na ajiye waya. Ban ga gawa ba, ban ga rami ba, ba wanda ya hau benen nan ya yi mini gaisuwa, don a garin nan wa zan ce wa ya zo? Ba mahaukaci ba ne ni, na san abin da na sani. Amma ba ke ce za ki zo da takardar Roma ki sa ni in rufe bakina ba.

Ki karanta wa Fadan naki wannan, ki ce ya mai da jan bironsa aljihu.

Kawunki,
Badaru

*

Gidan Sistoci, Kurmin Baure
Watan Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardu biyu na turo bayan taka ta Rajab ba amsa, wannan ita ce ta uku. Jiya Hajiya Fatna ta ce mini kana asibiti tun watan jiya, kuma kai ka hana ta faɗa. Allah ya ba ka lafiya. Dukanmu a gidan nan muna yi maka addu'a, ko ka so ko ka ƙi.

Na karɓi faɗan da ka yi mini, na cancanta. Na je wurin tsofaffin, na karanta musu takardarka ta farko. Baba Safiyyatu ta yi dariya har ta faɗi daga kan kujera, ta ce ai ka rage, ba ka sa maganar ƙwarƙwatarsa ba. Na kai Fada wurinsu ya ji da kunnensa. Ya ce su ma a garinsu akwai mai kama da haka, ya ji kunya, ya ce in ba ka haƙuri.

Amma ya ce wani abu da ban iya musawa ba. Shi ya ji dariyar Baba Safiyyatu, waɗanda za su buɗe akwatin a Roma ba za su ji ta ba. Takardarka ta farko ta riga ta shiga, doka ba ta yarda a cire ta ba. In ba shaidarka ta kai tsaye a kusa da ita, da rantsuwa, to ita kaɗai za ta yi magana da bakinka, bayan kai da mu duk ba ma nan.

Za a buga hatimi ana saura mako ɗaya Ista. Ba zan sake roƙonka ba, Kawu. Na gane abin da nake nema a wurinka ba ƙarami ba ne.

'Yarka,
Sista Tasallah

*

Harra ta Yamma, Madina
Bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga 'yata Tasallah.

Bayan gaisuwa. An sallamo ni. Ƙirji ne, sun ce ruwa ya taru. Sun hana ni azumi, sun hana ni gishiri, sun hana ni shayi mai sukari, ban san abin da suka bar mini ba. Maza biyu ne suka hau da ni bene a kan kujera kamar buhun shinkafa. Fatna kuma bakinta ba ya riƙe magana, na gaya mata.

Kin ce ba za ki sake roƙo ba. Wannan dabarar uwarki ce, da ita take cin galaba a kan kowa. Ina kwance a asibiti ina kallon silin, abin da ya fi damuna shi ne wani Bature da ban sani ba zai zauna wata rana ya karanta cewa Badaru ya ce Jumare ɓarawo ne, ya gyaɗa kai, ya rufe fayil. Zagin nan nawa ne, ban ba kowa aronsa ba. Tunda ba za su iya riƙe shi yadda ake riƙewa ba, ga abin da suke so. Ki juya shi daidai, kuma wannan karon ki yi tambaya in ba ki gane ba.

Ni Badaru, ɗan kawun Yohanna Jumare, na rantse da Allah wanda babu abin bautawa sai shi, a gaban Bakri da Fatna, cewa abin da zan faɗa shi na sani.

Ƙwan zabi ya sata, wannan gaskiya ne, muna 'yan shekara takwas, kuma tare muka ci. Da aka kama wani yaro daban za a yi masa bulala, Jumare ya miƙe a aji ya ce shi ne. Bai ambaci sunana ba.

Keke ya ɗauka ba da izinina ba. Wani kuturu ne mai suna Zakiru ya faɗi a bakin kasuwa, kowa yana kewaye shi. Jumare ya ɗora shi a keken ya tura har zangon kutare, tafiyar yini. Da ya dawo uwata ta ce keken ba zai sake shiga gidanta ba, sai ya koma ya bar wa mutanen zangon. Tsoron kare kuwa gaskiya ne, har ya tsufa bai rabu da shi ba. Zangon nan cike yake da karnuka, kuma duk Asabar sai ya je.

Rijiyoyin da na ce, shi yake fara shiga ramin, shi yake fita a ƙarshe. Na ga bayansa duk ƙuraje.

Shekarar da ubana ya musulunta muka bi shi, yaran makaranta suka juya mini baya, wasu malamai ma haka. Jumare ne yake ɗebo mini ruwan alwala ya tsaya a bayan aji yana gadi har in idar. In azumi ya zo ba ya cin komai a gabana. Sau ɗaya ya kira ni zuwa addininsa, sau ɗaya na kira shi zuwa nawa, muna samari, kowa ya ba da amsarsa, ba mu sake ba.

Aibunsa na gaskiya taurin kai ne. In ya ƙudurta abu ko uwarsa ba ta juya shi, kuma yana da zuciya lokacin ƙuruciya, ya taɓa fasa wa wani baki a kan an zagi mahaukaciyar garinmu. Daga baya ya koyi riƙe ta, amma na san tana nan, don ina ganin jijiyar wuyansa.

Ranar da matata ta rasu a nan, ya kira. Na ɗauka ina jiran zagi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Muka zauna haka a kan layi, ina jin numfashinsa, har aka kira salla na ce zan tafi, ya ce to.

Ko waliyyi ne, ban sani ba. Wannan ma'auninku ne, ni ba nawa ba ne, kuma Allah ne ya san abin da ke cikin kowa. Abin da na sani shi ne na shekara tamanin da wani abu a duniya, na zauna da mutanen ƙasashe iri-iri a garin nan, ban ga wanda ya fi shi tsoron zaluntar mutum ba. Ban taɓa jin ya yi ƙarya don ya kuɓuta ba. Mutumin kirki ne. Shi ne ɗan'uwana da na fi so.

Shi ke nan, na sa hannu, su ma sun sa.

Kin ja mini aiki. Da na ajiye alƙalami na ce wa Fatna ta ɗauko tabarmar nan ta bayan ƙofa ta shimfiɗa, ta bar ƙofa a buɗe, ta gaya wa mutanen gidan nan an yi mini rasuwa. Ta ce yaushe? Na ce ba ruwanki. Sun hau, har da Bangalin da ke da shago a ƙasa. Kowa ya tambaya wa ya rasu, in ce ɗan'uwana. Wani ya ɗaga hannu zai ja addu'a, Bakri da ya san komai ya riga shi, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ya Hajji," sauran suka bi bakinsa. An sha gahawa, an ci dabino, ni an hana ni. Yau kwana na uku, gobe za a naɗe.

Ki aika musu akwatinsu. Saura abu ɗaya da ya kamata ya riga duk wannan surutu zuwa wurinki, na kawunki da na uwarki gaba ɗaya.

Tasallah, ya haƙurinmu?

Kawunki,
Badaru